Zana Shida a Kan Jirgin Maiwada

"Ka zuba mai ruwa?"

"Na zuba, Baba."

"Tulu nawa?"

"Huɗu. Biyu ga kai, biyu ga gindi."

Hodi yana tsugune a bakin ƙofar ɗakin, bai shiga ba. A ciki maƙwabcinsa Maiwada, tsohon masunci, yana kwance wata na biyu ke nan, ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi. Bai taɓa tambayar magani ba. Tambayarsa kullum ɗaya ce, jirginsa.

Jirgin na maɗaci ne, duk unguwar masunta a Argungu ba mai irinsa. Da ruwan gulbi ya ja baya, Maiwada ya sa aka jawo shi kan yashi, ya shimfiɗa masa ciyawa a ciki, ya lulluɓe shi da zana shida da ya saƙa da hannunsa, kowacce da baƙar kaba a baki. Safe da yamma ana jiƙa su, domin jirgin da ranar rani ta buga tsirara tsagewa yake yi kamar ƙasar fadama. Ɗansa Attahiru yake ajiye wa, wanda aka ɗauka soja aka kai yaƙin Bama shekara uku da suka wuce. Da ciwo ya kayar da shi, matarsa Laure kuma ba ta iya ɗaukar tulu, sai ya damƙa wa Hodi amanar.

Kwana ashirin Hodi ya riƙe ta. Sannan albasarsa ta nuna, ta zo da yawan da bai taɓa gani ba, ya tara ta a rudu, gadon kara, a bayan gida, rana kuwa ta fara dafa ta. Ya ɗauko zana ɗaya daga jirgin ya rufe albasar, ya ce wa ransa aro ne. Bayan kwana biyu ya ɗauko ta biyu. Da ya ɗauke ta shida sai ya daina bin hanyar gulbi gaba ɗaya. Abin da ya ba shi mamaki, ƙaryar ba ta yi masa nauyi ba. Har ƙawata ta yake yi. Wata rana tulu huɗu, wata rana biyar, wata rana ya ce ya kori awaki suna cin ciyawar.

Ran Talata Maiwada ya ce a fitar da shi ya sha iska. Hodi da Laure suka kama shi suka jinginar da shi a gindin dangar da ta raba gidajen biyu. Dangar ta tsufa, duk kafa ce. Tsohon ya juya kai, ya daɗe yana kallon bayan gidan Hodi.

"Albasakka ta samu inuwa bana, Hodi."

"Awo, Baba. Alhamdu lillahi."

"Saƙa mai kyau. Wanda yas saƙa ta ya iya."

Hodi ya sunkuyar da kai. Ya jira zagi, ya ma so ya zo. Amma tsohon ya lumshe ido kawai ya ce, "Yau tulu nawa?"

"Huɗu," in ji Hodi.

"Allah shi yi ma albarka."

Ran Alhamis Maiwada ya aika aka kira liman, Malam Abdussamadu, da dattawan unguwa uku. Ya ce a kira Hodi ma. Muryarsa ta shige, sai an sunkuya ake ji.

"Malam, ku shaida. In Allah ya amshi abinai, a kai ni tsallake a ruhe ni wurin ubana. Kuma cikin jirgina za a ƙetara da ni, ba na kowa ba."

"Mun ji," in ji liman.

"Hodi ka tuƙa ni. Shi as san lahiyatai. Wata biyu shina ɗawainiya da shi, sahe da marece, bai taɓa gajiya ba."

Dattawan suka juyo suna sa wa Hodi albarka. Ɗaya har ya dafa kafaɗarsa. Maiwada kuwa idonsa a kan Hodi, ba fushi a ciki, ba komai.

"In Attahiru ya komo," ya ce, "kai za ka gwada mai jirginai."

Ya rasu ran Juma'a da hantsi. Tun ana masa wanka Hodi ya tsinke da gudu zuwa gulbi da tsummoki a hammata. Jirgin yana nan kan yashi, ya yi fari fat, ciyawar tuni awaki sun cinye. Tsaga ta taso daga kai har tsakiyar ciki, wani wurin yatsa yana shiga. Ya durƙusa yana cusa tsumma da bakin wuƙa, yana liƙa laka a kai, lakar tana bushewa tana faɗuwa. Da ya koma ɗaukar makara, Laure tana zaune a bayan ƙofa, ba ta kuka.

"Hodi," ta ce, "ka tuƙa sannu. Bai son ruwa su taɓa mai ƙahwahu."

Da jama'a suka iso bakin ruwa sai salatin ya tsaya. Tamba masunci ya zagaya jirgin, ya sa ɗan yatsa a tsagar, ya ɗago.

"Wanga jirgi na ko kwando? Ina zanan da Baba yar ruhe shi da su?"

Wani a baya ya ce, "Ku tambayi albasa."

"Malam, ga nawa nan, a sa shi ciki," in ji Tamba.

Liman ya dubi tsagar, ya dubi Hodi.

"Wasiyya ta," ya ce. "Kowa ya ji ta. Gulbin ba shi da hwaɗi. Ku bi su kusa."

Aka tura jirgin ruwa, aka kwantar da gawar a tsakiya. Hodi ya hau baya da gwangwalar tuƙi. Sauran suka shiga jirage biyu, ɗaya dama ɗaya hagu.

Ba su kai rabi ba tsumman farko ya fita. Ruwa ya shigo siriri, sannan ya yi kauri. Hodi ya tuƙa da ƙarfi, jirgin ya ƙara nauyi. Ya ajiye gwangwalar ya ɗauki ƙoƙo yana kwarfewa, jirgin ya tsaya cak yana juyawa a hankali. Ya koma ga gwangwala, ruwan ya ci gaba. Ya dubi Tamba. Tamba ya kau da kai.

Ruwan ya iske likkafanin ta wajen ƙafafu, farin ya soma yin duhu yana hawa. Wani ɓawon albasa ya faɗo daga rigar Hodi, ya yi ta yawo a kan ruwan cikin jirgin, har ya je ya manne a jikin likkafanin.