Gurguwa da Marfinta na Huɗu

Duk unguwar Badariya babu wanda bai san ƙarar motar Ephraim tela ba. Ba ta inji ba ce, injin lafiyarsa ƙalau. Ƙarar cikinta ce idan ya gogi tudun simintin bakin get, ƙuuu, kamar ana jan kwanon rufi a kan dutse. 'Yar ƙaramar mota ce shuɗiya wadda ta sha duniya, kuma tun da aka sauke ta ƙasa, ko kaza sai ta sunkuya kafin ta shiga ƙarƙashinta.

Ephraim mutumin Pankshin ne, amma a Birnin Kebbi ya yi furfura, a kan keken ɗinki. Shi ya sayi motar, ya ba ɗansa tilo, Isaac, lokacin da ya samu aiki a wani injin casar shinkafa a Argungu. Ranakun aiki Isaac yana kwana can, a gidan wani masunci mai suna Malam Maiwada, sai ƙarshen mako ya dawo wurin iyayensa. Wata Asabar sai ga motar ta shigo gida tana jan ciki, tayoyi uku da sabon marfi mai ƙyalli, ta huɗu tsirara. Isaac ya fito yana washe baki, yana jiran a yaba.

"Ka gurgunta mini mota," in ji Ephraim.

"Baba, haka ake yayi yanzu. Tsaya ka ji..."

"In ji me? Ba sifirin da ke ɗauke da jikin mota ake yankewa a sauke ta ba? Ni tela ne, na san abin da aka yanke ba ya komawa. Sau nawa na ce maka in za ka yanka ka bar rara a ciki, saboda ranar da mai riga zai dawo ya ce a buɗe masa? Ba ni makulli."

Ephraim mutum ne da idan ya hau faɗa, ko limamin cocinsu ba ya samun wurin saka baki. Isaac ya miƙa makulli ya shige ɗaki. Washegari da aka taso daga coci, maimakon ya jira Litinin kamar yadda ya saba, sai ya hau kabu-kabu ya nufi Argungu. A kusa da Ambursa wata babbar mota ta yi ciki da su. Mai babur ya tsira da karaya, Isaac kuwa ko asibiti ba a kai da shi ba.

Fushi ne ya fitar da shi daga gida. Wannan Ephraim ya ɗora wa zuciyarsa, da shi yake kwana, da shi yake tashi. Kuma tun daga ranar ya hana kowa taɓa motar. Shi da ya kira ta gurguwa, har maƙwabta suka ɗauki sunan, shi ne yanzu yake wanke ta kowace safiya yana goge marfin tayoyin da tsumman atamfa. Tuƙa ta azaba ce. Duk ramin da ta faɗa sai ya ji shi a ƙugunsa, duk tudun da aka yi a titi don rage gudu sai ya hau shi a karkace, masu keke-napep na bayansa suna ta hon. Bai damu ba. Abu na ƙarshe ne da hannun ɗansa ya gyara, kuma a haka yake so ya tsaya.

Matarsa Priscilla ita ce ba ta iya jurewa.

"Baban Isaac, don girman Allah ka kai a ɗaga motar nan," ta ce masa, ba sau ɗaya ba. "Duk lokacin da ta gogi bakin get sai gabana ya faɗi, in ce ga shi nan ya dawo. Sai in leƙa in ga kai ne. Kashe ni kake so ka yi?"

"Yadda ya bar ta haka za ta zauna."

"To, ai ko shi bai gama ta ba. Dubi tayar baya."

Da zafi ta faɗa, amma maganar ta zauna masa. Gaskiya ne, aikin yaron bai cika ba. Riga ce da aka ɗinka aka manta maɓalli ɗaya, shi kuwa Ephraim a rayuwarsa bai taɓa barin riga ta fita shagonsa a haka ba. Ya zare tef ɗin awo daga wuyansa, ya durƙusa gaban taya, ya auna marfi daga wannan baki zuwa wancan. Inci goma sha huɗu. Ya sake aunawa, kamar yadda yake yi wa yadin mai tsada.

A layin masu kayan mota ya je shagon wani mai suna Labbo, ya ce a ba shi marfi sha huɗu. Ya dawo gida ya danna, marfi ya ƙi shiga. Ya buga da tafin hannu, ya buga da dunƙule, har ƙugiya ɗaya ta karye. Ya koma da fushinsa ya ajiye motar a ƙofar shagon.

"Sha huɗu kac ce, sha huɗu nib ba ka," in ji Labbo. "Wa ya auna maka?"

"Ni da kaina. Da tef."

Labbo ya so ya yi dariya, sai ya tuna motar wane ce, ya haɗiye. Ya tsuguna ya goge jikin tayar da babban yatsa. "Baba, ba a gwada marfi da tef kamar wuyan riga. Bakinai shina da leɓe wanda ka ruhe wili, ƙarhen taya, shi ka ƙara inci guda. Lambar tana nan ga jikin taya. Ka gani? Sha uku ta."

Ephraim ya sunkuya ya dubi lambar. Shekarunsa nawa yana rantsuwa da tef, yau ga tef ya faɗa masa gaskiya, kuma gaskiyar ta kai shi ga kuskure.

"To ba ni sha uku, irin waɗannan."

"Wanga zane babu shi nan Birni. Inda yaron yas sawo, can za ka bincika."

Argungu ke nan. Tun ranar zaman makoki Kamilu, ɗan Malam Maiwada kuma aminin Isaac, ya ce masa akwai sauran kayan marigayi a wurinsu. Ephraim bai je ba, don hanyar ta Ambursa take bi. Amma da safiyar wata Talata ya ɗauki makulli. Da motar ta gogi bakin get, ya hango Priscilla ta madubi, tsaye a ƙofar kicin, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

A Ambursa bai dubi dama ba bai dubi hagu ba. Shinkafa ta yi kore shar a fadama, mutane suna ta harkarsu kamar ba a taɓa mutuwa a wurin ba, abin ya ba shi haushi. Ya bi tuddan titin garin ɗaya bayan ɗaya, bututun hayaƙin motar yana gurzar ƙasa yana kuka, shi ma idonsa yana yaji.

Gidan Malam Maiwada yana can gangaren gulbi, inda mota ba ta kaiwa ƙofa, balle Gurguwa. Ya ajiye ta a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa. Ya tarar da tsohon a zaure yana ɗinkin komar kamun kifi, ƙamshin bandar kifi ya cika gidan.

"Baban Isiyaku! Lale, lale. Ya ƙarin haƙuri? Wallahi ɗa munka rasa, ba baƙo ba."

Isiyaku suke kiran Isaac a gidan. Aka kawo ruwa, aka kira Kamilu. Da ya ji abin da ya kawo baƙon, ya shiga ciki ya fito da marfin a hannu, a goge tas.

"Nan bakin titi yaf fita, Baba, ranar da anka sauke motar. Ƙugiyatai ta lanƙwashe, Isiyaku yac ce in miƙe mai ita kahin shi dawo."

Ephraim ya karɓa ya rungume a ƙirji. Abin da ya zo nema ke nan, ya kamata ya yi godiya ya tashi. Sai ya ga Kamilu yana satar kallon ubansa.

"Ɗauko mai," in ji Malam Maiwada. "Hakkinai na. Ka daɗe da nauyin ga."

Kamilu ya sake shiga, ya jawo wani buhun shinkafa mai nauyi, yana ƙarar ƙarfe. Ya kwance bakinsa. Sifirin ne guda huɗu, an shafe su da baƙin mai, an naɗe kowanne da tsumma.

"Na mene ne waɗannan?"

"Na motarka na, Baba. Na asali. Isiyaku bai yanke su ba. Wajen 'yan gwangwan yas sawo wasu tsohhi, su anka yanke anka ɗaura. Mujtaba bakanike yac ce mai wahalar mi, a yanke na jiki kawai. Yac ce a'a, shi ɗan tela na, gidansu ba a yanka sai an bar rara."

Hannun Ephraim ya tafi wuyansa da kansa. Ya zare tef, ya auna na farko, ya auna na biyu, har na huɗu. Na gaba biyu tsawonsu ɗaya, na baya biyu tsawonsu ɗaya. Ya shafa bakin kowanne da yatsa, sumul, babu inda zarto ya taɓa.

"Me ya sa bai gaya mini ba?" ya ce. Kafin ya rufe baki ya ji muryar yaron a kunnensa tana cewa tsaya ka ji.

Kamilu ya sunkuyar da kai. "Ran Lahadin nan ya kira ni da anka tashi coci. Yac ce in hiddo buhun, shina tahe shi ɗauka shi kai maka Birni. Yac ce Baba ba shi yarda da magana sai ya auna da hannunai. Dariya ma shika yi, wallahi. Nan bakin titi nit tsaya ina jira nai har la'asar." Ya kawar da kai. "Ran gaisuwa na so in hwaɗi, na kasa. Ƙaƙa zan ce maka garin ɗauko wanga yat tahi?"

Ashe ba fushi ya fitar da shi ba. Ephraim ya zaci idan aka sauke masa wannan dutsen zai samu numfashi, sai ya tarar wanda aka ɗora masa a madadinsa ya fi nauyi. Yaron ya ji maganarsa, ya riƙe ta, ya yi aiki da ita tun ba a tambaye shi ba. Shi uban ne bai bar rara ba. Ya zauna a kan tabarmar masunci, tef a hannu, ya yi kuka irin na manya, wanda ba ya da sauti. Malam Maiwada bai ce masa ya daina ba, ya ci gaba da ɗinkin komarsa a hankali.

Da Ephraim ya natsu, Kamilu ya ce, "Baba, in sa maka su ga but ɗin mota, ko in kira Mujtaba?"

Ephraim ya daɗe yana kallon buhun. Idan an ɗaura su, hannun Isaac ya fita daga motar. Idan ba a ɗaura ba, saƙon da yaron ya mutu a hanyar ɗaukowa bai isa ba ke nan.

"Kira shi," ya ce.

A ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro aka yi aikin. Mujtaba ya ɗaga motar da jak, ya ciro guntayen sifirin ɗin ya wurga su kan tarin ƙarafan da ke jiran masu saye, ya mayar da na asali. Kamilu ya sa marfi na huɗu, ya buga sau ɗaya, ya shige daram. Mota ta miƙe tsaye, ta koma motar Ephraim tela ta da, sai dai ƙyallin tayoyi. Matan gidan suka aiko da ƙullin busasshen kifi a kai wa Maman Isiyaku.

Komawa gida babu wahala ko kaɗan, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ƙugunsa bai yi ciwo ba. A Ambursa motar ta haye tuddan nan kai tsaye, ko tari ba ta yi ba. Ya kama kansa yana rage gudu yana karkata sitiyari inda babu bukata, yana kasa kunne.

Get a buɗe yake. Ya shiga, ya kashe inji, ya zauna kaɗan. Babu wanda ya leƙo.

A falo ya sami Priscilla tana tsintar wake a faranti. Ta ɗago a firgice.

"Yaushe ka shigo? Ina motar?"

"Tana waje."

Priscilla ta ajiye farantin ta fita, ya bi bayanta. Ta zagaya motar, ta dubi tayoyin, ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashi, inda yanzu har akuya za ta iya kwanciya. A tsaye a wurin ya ba ta labarin buhun, da wayar ranar Lahadi, bai rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe. Ya jira ta ce an gode Allah, tunda abin da ta daɗe tana roƙo ne aka yi.

"Waɗanda ya yanke fa?" ta ce.

"Na baro su wurin bakanike, cikin kayan gwangwan."

Ta juya ta dubi tudun simintin bakin get. Duk ya sha zane, layi a kan layi, fari-fari, inda cikin motar ya yi ta gurzarsa.

"Da safe da za ka fita na toshe kunnena," ta ce. "Da ka gaya mini na ƙarshe ne, da na saurara."

 Ta taka a hankali ta je ta zauna a kan simintin, ta ɗora tafin hannunta a kan zanen. Shi kuma yana tsaye da ƙullin kifi a hannu, bai san inda zai ajiye shi ba.