Gadon Kan Inji

"A ce masa ya tsaya," in ji Baba Maigandi.

Ƙaltume ce ta ji, don ita ce kusa da kansa tana yi masa fifita. Sun ɗan wuce Badar, rana ta take. Mijinta Khalilu ne ke tuƙi, ya danne totur har ƙasa, tsohuwar motar Kombin tana kuka kamar injin niƙa.

"Baban Shafa'atu, Baba ya ce ka tsaya."

"In tsaya a ina? Ya Ammi, ka yi haƙuri, sauri muke yi," in ji Khalilu. Ammi yake ce wa Baba, wato baffa da Larabci.

Saurin da dalili. Da safen nan likita a Jidda ya gaya wa Inna Azumi, matar Baba, cewa ciwon hantar ya gama ƙarfinsa, ko yau ko gobe. Baba ya ce to a mayar da shi Madina da ransa, ya cika a can, a sa shi a maƙabartar Baƙi'a. Khalilu da Ƙaltume maƙwabtansa ne a unguwar Ƙiblatain ta Madina, dubiya suka zo, sai Khalilu ya karɓi makulli. Motar tana ƙofar asibiti, don da kansa Baba ya tuƙo ta watan jiya.

Da wannan motar suka baro Damagaram shi da Inna tun tana da ƙarfinta. Suka ratsa Chadi da Sudan, aka ɗora ta a jirgin ruwa. Shi ya ƙera mata gado a baya, daidai kan inji, da ɗan kanta na risho da tukwane. Duk Juma'a bayan la'asar Ƙaltume na hango ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashinta. Ya duba baƙin mai, ya goge filogi, ya kakkaɓe yashi. Mutanen unguwa na ce mata kunkuru. Shi kuwa cewa yake, duk ranar da Azumi ta ce gida take so, ruwa kawai za su ɗura a tulu.

"Khalilu," Baba ya sake cewa, da ƙyar. "Bayana na kan injin nan. Ta ɗau zafi."

Khalilu ya gangara gefen hanya ya kashe. Ya fito da sauri ya sungumo jarkar ruwa, Inna Azumi ta tare shi a bayan mota.

"Kada ka zuba mata. Ba ta da lagireto, iska take sha."

Ta ɗaga murfin inji da gefen mayafinta. Zafi ya bugo su. Ta danna fanbel da yatsa, ya lotsa.

"Ya saki. Akwai sabo a ƙarƙashin kujera, da sifana. Amma sai ta huce."

Khalilu ya rage murya. "Inna, in ya cika a nan fa?"

"In ka ƙona ta, ai a nan ɗin zai cika."

Suka zauna jira. Babu inuwa sai ta motar. Manyan motoci na wucewa suna watsa musu tsakuwa. Ƙaltume tana ɗiga wa Baba ruwa a leɓe da cokali, tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, wani lokaci ya daɗe bai hau ba. Ita ma a ranta so take a tafi.

Baba ya buɗe ido ya ga fuskarta.

"'Yata, mijinki direban tasi ne. Kullum kamar ana korarsa."

"Ina jinka, ya Ammi," in ji Khalilu daga baya, hannunsa duk baƙin mai.

"Don ka ji na faɗa. Kada ka ɗaure fanbel ɗin tamau. Ka bar masa wurin yatsa."

Da suka tashi, Khalilu bai ƙara dannawa ba. A hawa ya sauke giya, ya bar ta ta hau yadda take so. Motocin alhazai suka riƙa wuce su suna hon. Inna Azumi ta riƙe hannun mijinta tana karanta masa Yasin a hankali. Ya daina magana. Sai dai duk sanda aka canja giya, yatsansa kan ɗan motsa a kan bargo.

Rana ta yi ja lokacin da suka wuce Abyar Ali, suka bar Dutsen Air na bakin Madina a baya.

"Malam," in ji Inna, "mun shigo harami."

Leɓensa ya motsa. Ƙaltume ta kai kunne.

"Ta kawo mu?"

"Ta kawo mu, Baba. Ko tari ba ta yi ba."

Ya yi kalmar shahada, Inna tana taya shi. Kafin su shiga lungun gida ya cika. Khalilu bai tsaya ba sai a ƙofa, inda tabon mai ya yi baƙi a ƙasa. Maza suka fito daga masallaci suka ɗauke shi a cikin bargonsa, suna salati. Da asuba za a sallace shi a Masallacin Annabi.

Ƙaltume ta kama Inna za ta shigar da ita, ta zame hannunta. Ta sunkuya ta jawo dutsen da ke jikin bango, ta tura shi bayan taya da ƙafa har ya zauna. Sannan ta shiga gida.

Ƙaltume ta tsaya da takalman Baba a hannu. Lungun ya yi tsit, sai injin da ke ƙas-ƙas a hankali yana hucewa.