Iyakar Ƙasa a Gonar Asibi

Ranar da aka kafa turken lantarki a tsakiyar gonar gyaɗarta a Kusasu, Asibi ta sayar da zakaranta ta sayi ƙwan fitila biyu. Wata shida wayoyi na ta ƙugi a samanta, ƙwayayen na ajiye cikin kwalla.

Da injiniya Shafi'u ya zo duba turken, sai ta tare shi.

"Ɗana, yaushe wutar za ta sauko?"

"Ba ta saukowa, Inna. Maƙwabciyar ƙasa za ta. Yaƙi ya rusa musu garuruwa, ana taimaka musu su sake gini."

Wannan kam Asibi ta gane. Ko a nan, in gobara ta ci gidan maƙwabci, kowa kan kai masa dami.

"To mu da 'yan bindiga suka ƙone mana rumbuna sau uku fa?"

"Ai ku 'yan gida ne, Inna."

Washegari ta saro ƙaya ta shinge gonar, ta dasa kujera a bakin shingen. Da Shafi'u ya dawo da ma'aikatansa, ta ɗaga masa hannu.

"Nan iyaka ce, ɗana. Daga yau ni ma maƙwabciya ce. Yaƙin an riga an yi mini, ga ƙwayayen fitilata."