Tabon Dutsen Guga

Auta ta jona dutsen guga ta tsaya jiran ya yi zafi, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Shekarunta sun haura hamsin, har jikoki ta yi, amma har yau Auta ake ce mata. Wadda ta laƙaba mata sunan tana nan kwance a gado a bayanta, ta zuba wa silin ido. Yaya ke nan, yayarta uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ciwon mantuwa ya kwantar ya kuma hana kowa sakat a gidan.

Yau za a tafi da ita. Ɗan Auta na fari, direban motar haya, ya samo mata gurbi a wani gidan kula da tsofaffi can bayan gari, ya ce da ya tashi aiki da yamma zai zo da mota. Auta ba ta ce a'a ba. Ina ma ta ga ƙarfin cewa a'a? Ita ce juyawa, ita ce wanka, ita ce ba da abinci cokali cokali, a tofo mata rabi a fuska. Shagon wanki da gugan da ke gaban ɗakin kuwa ya koma rabin shago, don ba a barin dutse a kan rigar mutum a ruga ɗaki sau goma a yini rigar ta tsira. Bayanta ya riƙe, gwiwoyinta suna ƙara in ta durƙusa. Ladan duk wannan wahala shi ne Yaya ta daina gane ta. Baiwar Allah take ce mata, kamar wata 'yar aiki da aka ɗauko jiya.

Ta shimfiɗa rigar Yaya ta farko a kan tebur. Ko gidan tsofaffi ne, ba za a ce matar da ta yi rayuwarta tana goge kayan mutane ta shiga da kaya a yamutse ba.

Gadon ya motsa. Yaya ta hango jakar da ke buɗe a ƙasa, ta fara mutsu-mutsu tana jan zanen gado da hannun dama. Na hagun kullum a dunƙule yake, sai an yi kokawa da shi ranar wanka kafin a wanke tafin.

"Baiwar Allah, jakar wa ce?"

"Ta masu kaya ce, Yaya. Kwanta."

"Wa zai tafi?"

Auta ta ja numfashi. In aka bar ta a haka, nan da ɗan lokaci sai kuka da yunƙurin sauka daga gado. Wata ma'aikaciyar jinya a asibiti ta taɓa ce mata ta riƙa ba ta labaran da, na ƙuruciya, suna kwantar mata da hankali. Sauƙin faɗa gare shi. Mutumin da ko sunan kansa ba ya son ji don gajiya, shi za a ce ya zauna yana tatsuniya. Amma dai yana aiki, don haka ta fara, murya ba gishiri, ido a kan wuyan riga.

"Kin tuna gidanmu na da, mai ɗaki ɗaya da rumfa? Inda Inna take guga?"

Yaya ta saki zanen gadon.

Labaran Inna ne kaɗai Auta take jin daɗin faɗa. Ba ta san fuskar mahaifiyarsu ba, ta rasu tun ba ta fara wayo ba, uban kuma aikin hanya ya tafi da shi bai dawo ba. Duk abin da ta mallaka na Inna daga bakin Yaya ta same shi, suna ninke kayan mutane tana ba ta kaɗan kaɗan. Ta riƙe su kam, ta ba 'ya'yanta, ta ba jikoki.

"Inna takan sa ni a kwandon kaya," in ji ta, "a kan waɗanda ta gama gogewa, suna da ɗumi. Nan da nan sai barci. Wata rana mai kaya ya zo ya ɗaga kwando zai tafi, sai ya ji kwando yana atishawa."

Wani ɗan sauti ya fito daga hancin Yaya, mai kama da dariya.

"In tana yayyafa wa kaya ruwa kuma, sai ta fesa min sauran a fuska da yatsunta, ni kuma in ta ƙyalƙyala dariya."

Ta juya rigar ta bi hannuwan. Wannan ce Inna, mai hannu mai taushi. Ƙuruciyar da Auta ta gani da idonta kuwa daban ce, ta Yaya ce. Ranƙwashi kafin makaranta, ranƙwashi bayan makaranta. Karin wando ya karkace, sake. Kin fara da jikin riga kafin wuya, sake. Kin bar maɓalli ya narke, yau ba wasa a waje. Yaya ba ta taɓa ce mata sannu ba. Ta yi aure sau ɗaya, ta dawo ba ɗa ba jika, ta ci gaba da gyara wa duniya karin wando. Ba a musu, ita ta ciyar da ita ta tufatar da ita, Auta kuma ta biya da ƙashin bayanta a shekarun nan. Abin da take faɗa wa kanta ke nan tun da ɗanta ya kawo zancen gurbin. Da Inna ce a gadon nan, ko bayan zai karye gida biyu ba mai fitar da ita. Amma yaya yaya ce, kuma an yi iya yi.

"Sai ranar dutsen guga," Auta ta ci gaba, tana ninke rigar ta jefa a jaka ta ɗauko ta biyu. Wannan shi ne babban labarin, wanda jikoki suke sa ta maimaitawa. "Na gawayi ne, irin mai nauyin nan da ake buɗe bakinsa a zuba garwashi. Inna ta cika shi taf ta ajiye a bakin tebur. Ni kuma na fara rarrafe, na fito daga kwando ba wanda ya gani, na kama bargon da aka shimfiɗa a teburin na ja. Dutsen ya taho, saitin kaina. Inna ta kai hannun dama ta cafe shi a iska, ta cikinsa, wajen zafin."

"Hagu."

Auta ta ɗan dakata. Abu ɗaya ciwon nan ya kasa cirewa daga jikin matar nan, shi ne gyara. Ta manta sunan unguwa, ta manta yadda ake riƙe cokali, amma in ka yi kuskure tana nan.

"To, hagu. Ta kai hannun hagu..."

"Dama yana riƙe da rigar mutane," in ji Yaya. Muryar ta fito sarai, irin wadda Auta ta daɗe ba ta ji ba. "Fara ce, ta wani malamin makaranta mai baƙar magana. In na sake ta a toka za ta faɗa. Da hagu na tare shi."

"Inna ta tare shi, Yaya."

"Wace Inna?" Yaya ta juyo da kai ta yi mata kallon da take yi wa mai karkataccen kari. "Inna tana ɗaki. Ko kofin ruwa sai an ɗaga mata kai. Tun da ta haihu ba ta ƙara tsayawa da ƙafarta ba, ina ta ga dutsen guga?"

Auta ta so ta ce ruɗu ne. Ai kullum cikinsa ake, jiya ma ce mata ta yi akwai awaki a ƙarƙashin gado. Amma masu ruɗu ba sa tuna launin riga da halin mai ita. Ta bar tebur ta zo bakin gado, gwiwoyinta suka yi ƙararsu ta durƙusa. Ta kama hannun hagun nan, ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Ta san tafin nan. Ta wanke shi, ta shafa masa mai, tun tana yarinya ma ta sha shi a kumatu. Fata ce sumul mai sheƙi, ba layi ko ɗaya, yatsu biyu na ƙarshe ba sa miƙewa. To amma a gidan masu guga wa yake tambayar ƙuna? Ita kanta daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu tabo ne a kan tabo. In ka ga na wani sai ka ce dutse ne, shi ma ya ce dutse ne, kowa ya koma teburinsa. Yau ta kalle shi da kyau. Tabon yana da faɗi a gindin tafi, ya tafi yana tsukewa har ya yi tsini a tsakanin yatsu. Hancin dutsen ne kwance a hannun, ya ɗan miƙe saboda hannun ya girma da shi. A lokacin hannun yarinya ne, wadda ko sha biyu ba ta rufa ba.

"Kwandon fa?" in ji Auta. "Wa yake sa jaririyar a kwando?"

"Ni mana. Ina zan kai ta? In na goya ta tururi ya dame ta."

"Ruwan da ake fesa mata fa?"

"In ba a yi ba kuka take yi, Inna kuma ba ta son hayaniya." Yaya ta tsuke baki. "Yarinyar da rigima. Kamar ta san ba ta da kowa."

Auta ta zauna daɓas a ƙasa. Abin da ya fara zuwar mata haushi ne, ba za ta ɓoye wa kanta ba. An yi mata fashi da tsakar rana. Uwar da ta riƙe shekara hamsin, mai kwando, mai yayyafi, babu ita, wata mata ce kawai da ta kwanta a ɗaki ta mutu. Bayan haushin kunya ta biyo, mai nauyi, ta danne shi. Duk daren da ta yi kuka a ƙarƙashin tebur tana kiran Inna ta zo ta cece ta daga Yaya, ashe mutum ɗaya take kira take kuma gudu.

Yaya ta damƙe mata yatsu da hannun mai tabo. Idonta ya cika da tsoro.

"Baiwar Allah, bai taɓa ta ba ko? Garwashin ya zube."

"Bai taɓa ta ba, Yaya. Ko ƙwarzane."

"Kin duba kanta?"

"Na duba. Lafiyarta ƙalau. Ta girma har ta tsufa."

Yaya ta sauke ajiyar zuciya ta koma kan matashi. Can ta sake jawo hannun, ta rage murya kamar akwai mai laɓe.

"Kar ki gaya mata ni ce. Ki ce Inna ce. Ni tana da ni, kullum ina nan ina mata faɗa. Uwar ce ba ta bar mata komai ba."

Auta ta matse hannun a cikin nata. Sai Yaya ta ɗaga hanci ta shinshina.

"Kina ƙona kayan mutane."

Ai kuwa. Auta ta miƙe da ƙyar ta ɗaga dutsen. Ya zauna a bayan rigar Yaya ta biyu ya bar hotonsa, ruwan ƙasa mai duhu. Rabonta da irin wannan shirme, alhali tana cikin ɗakin, tun tana 'yar makaranta. Ta zare wayar daga bango ta tsaya riƙe da rigar.

"Sakarci," in ji Yaya, ta lumshe ido.

Rana ta yi sanyi lokacin da hon ɗin mota ya yi ƙara a waje. Ɗan ya shigo ta shago yana kaɗa mukulli, rigarsa jiƙe da gumin yini. Ya dubi jakar. Wayam take, an mayar da ita saman kabad, rigar da aka goge tana rataye a ƙusa.

"Mama, ba ku shirya ba? Sun ce kar mu kai duhu."

"Ba za ta ba."

Ya shafa fuska da hannu biyu. Shi ma a gajiye yake, ya sha zirga-zirga kafin a ba shi gurbin nan.

"Mama, mun gama maganar nan fa. In muka saki wannan, wani za a ba. Bayanki fa? Shagon fa?"

"Na sani."

"Ko gane ki ba ta yi."

"Ni na gane ta."

Ya tsaya yana kallonta, yana jiran ƙarin bayani. Ba ta da ƙarfin ba shi labarin yau, wata rana dai, in ta iya. Bayan nata yana nan yana zugi, gobe ma zai yi, kuma ba ta ji wani ƙarfi ya sauko mata daga ko'ina ba. Ta ɗauko wankakken zanen gado daga kan tebur ta warware shi.

"Ajiye mukullin nan," ta ce. "Zo ka kama min ita ta kafaɗa, ta jiƙa shimfiɗa. Ka yi a hankali da hannun hagun."