Gwajin da Des Bai Yi Ba

Shekara talatin da takwas Des Pascoe ya yi yana jan tirela mai bodi uku a hanyoyin arewacin ƙasarsu, matarsa Glenys tana zaune a garin Dubbo tana jiran dawowarsa. Da ya ajiye aiki sai ya ce zai rama mata: zai nuna mata kowace hanyar da ya taɓa bi, har su tuƙe a garin Broome ta tsoma ƙafarta a teku. Suka sayar da gidansu, suka sayi a-kori-kura da gida mai taya, irin wanda gabansa ke hawa bisa bodin mota.

Tun kafin su tashi likita ya ce Des ya fara ciwon mantuwa. 'Yarsu Narelle ba ta so tafiyar ba, kuma da ta ga ba za su hanu ba sai ta gindaya sharaɗi.

"Mama, ranar da ya yi kuskure a kan mota, ranar za ki kira ni. Ke ba ki iya jan abin nan ba. Zan zo in ɗauke ku, in nema masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi."

Wata huɗu ke nan Glenys tana rufa masa asiri. Ya bar buta a kan wuta har ta ƙone, ta jefar da ita a ɓoye. Ya tambaye ta sunan garin da suka kwana sau uku kafin su karya. Amma duk wannan ba a kan mota ba ne, haka take faɗa wa kanta. In ya zo ɗaura gidan a jikin mota, hannunsa bai taɓa mantuwa ba.

Ɗaurin yana da ƙa'ida. Zai yo baya a hankali har turken ƙarfen da ke ƙarƙashin gidan ya shige bakin faifan da ke cikin bodi. Sai ya ce, "Tsohuwa, leƙa," ita kuma ta haska tocila ta tabbatar muƙamuƙan faifan sun rufe a kan turken. Daga nan ya ɗage ƙafafun ƙarfen da ke tokare gaban gidan kaurin yatsa kawai daga ƙasa, ya danne birkin gidan, ya ɗan fizga. In ɗaurin bai kama ba, gidan zai sauka a kan ƙafafunsa, ba abin da zai lalace. Sai an yi wannan ake naɗe ƙafafun gaba ɗaya.

Da hantsi a masaukin matafiya na garin Camooweal, ƙudaje sun riga sun fito, Des yana yin baya don ɗaura gidan sai maƙwabcinsu na masauki, wani dattijo mai suna Noel, ya iso da kofin shayi a hannu.

"Kai, dubi wannan," in ji Noel. "Karo ɗaya, ko madubi bai sake kallo ba. Ni jiya sai da na yi baya sau bakwai, matata tana daga can tana kaɗa hannu kamar mai korar kaji."

"Matsalarka kana sauraronta," in ji Des ta taga. "Ni tawa na ba ta tocila ne don ta samu abin riƙewa."

"Ka ji ɗan rainin hankali," in ji Glenys. Rabon da ta ji muryarsa haka har ta manta.

Des ya sauko yana ba Noel labarin shekarar da ruwa ya tsare shi kwana tara da shanu a bayan mota. Bai manta sunan kowane rafi ba. Yana magana yatsansa yana kan maɓallin ɗage ƙafafu, ƙafafun gidan suna ta hawa. Suka wuce kaurin yatsa, suka wuce taƙi, har suka naɗe. Bai ce mata ta leƙa ba.

Glenys ta lura. Ta matso ta rage murya.

"Des, gwajin fa?"

"Wane gwaji? Na yi ai."

"Ban ga—"

"Haba Glenys, a bar gwani ya yi aikinsa mana," in ji Noel yana dariya. "Mutumin da ya ja bodi uku za ki koya wa ɗauri?"

Des ya dube ta. Ta san wannan kallon, na mutumin da ke neman abu a cikin kansa bai same shi ba, yana roƙon kada a tona a gaban baƙo. Tocilar tana aljihunta. Taku uku ne tsakaninta da bodin. Ta ce a ranta faifan bai taɓa ƙin kamawa ba, me zai sa sai yau? Ta haɗiye maganar, ta ja gefe.

Des ya koma mota ya ja. Motar ba ta yi tafiyar tsawon mutum ba turken ya suɓuce. Gaban gidan ya rufto a kan bodin da ƙarar da ta tayar da tsuntsaye daga itatuwa. Gefunan bodin suka lotse, marfin baya ya ɓalle, ƙasan ɗakin kwanansu ya tsage. A ciki kwanuka suka yi ta zubowa, har bayan komai ya tsaya.

Des ya fito ya zagaya ɓarnar a natse, kamar yadda yake duba aikin sababbin direbobi a da. Ya sunkuya ya kalli faifan. Muƙamuƙan a buɗe suke.

"Wa ya yi wannan ɗaurin?" ya tambaya. "Turken a saman faifan ya zauna, bai shiga ba. Kuma ba a gwada ba. Da a ƙarƙashina yake aiki, yau zai tattara kayansa."

Noel ya sunkuyar da kai yana kallon kofinsa.

"Ni ce," in ji Glenys. "Ni na yi, tsoho. Ka yi haƙuri."

Ya kalli hannuwanta, fes suke. Ya juya nasa, baƙin man giris ya cika tafin har cikin farce. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya zaro makulli daga motar, ya kamo hannunta ya sa mata, ya rufe yatsunta a kai.

"Saura nawa zuwa Broome?"

"Da sauran nisa."

Ya gyaɗa kai, ya je ya zauna a kan matakalar gidan da ta karkace.

Glenys ta taka har bakin titi, inda waya ke kamawa. Wata tirela mai bodi uku ta wuce ta nufi yamma, ta jira har ƙararta ta ɓace. Bugu biyu Narelle ta ɗauka.

"Mama? Kuna ina yanzu?"

Glenys ta waiwaya. Des ya ɗauko tsumma yana goge hannuwansa, yatsa bayan yatsa.

"Camooweal," ta ce. "Samo abin rubutu, in faɗa miki hanya."