Garin Ganyen Mama

Saura kwana goma sha ɗaya in kare kundin digirina na uku, Tabarau ya kira ni a waya ya ce in hau sama yanzu-yanzu. Tabarau shi ne mai kula da injin tantance sinadarai a hawa na biyu, mutumin da ko gaisuwa sai ya auna ta kafin ya ba ka. Shekara uku muna gini ɗaya bai taɓa nemana ba. Na ajiye kofin shayina na haura, ina murmushi kamar wata sakarya, don na ɗauka albishir zai yi mini.

Bincikena a kan wani ganye ne da mahaifiyata ke dakawa tana ba masu kumburi da ciwon gaɓoɓi. Da garin ganyen nan ta raine mu mu biyar. Tun ina ƙarama nake ganin tsofaffi suna shigowa gidanmu da ɗingishi, bayan kwana biyu su dawo suna sa mata albarka. Da na samu shiga ɗakin gwaje-gwaje sai na ce bari in nuna wa duniya abin da Mama ta sani. Ina jiƙa garin a sifirit, in tace, in busar har ya koma wani ɗanko kore. In ɗura wa fararen ɓeraye, in yi musu allurar da ke kumbura tafin ƙafa, sannan in riƙa auna ƙafar duk bayan awa da ɗan ma'aunin ƙarfe mai baki biyu. Sakamakon da na samu har tsoro yake ba ni don kyau. Kumburin yakan ragu da kashi saba'in cikin ɗari, kafaɗa da kafaɗa da ƙwayar ciwon gaɓoɓin da ake sayarwa a kowane kemis. Farfesa, mai duba aikina, ya kai labarin taro biyu, ya dawo yana kirana 'yarsa. Abu ɗaya ya rage, mu san sunan sinadarin da ke cikin ganyen, shi ya sa na kai wa Tabarau samfuri.

Na same shi a tsaye bakin taga da takardu biyu a hannu. Ya rufe ƙofa, abin da ya sa murmushina ya fara gudu.

"Dakta," ya ce, don haka kowa ke tsokanata tun ban zama ba, "wannan zanen na ganyenki ne. Wannan kuma na ƙwayar kemis ne."

Ya ɗora ɗaya a kan ɗaya ya ɗaga su wajen haske. Injin yakan zana kowane sinadari ne kamar ɗan tsauni. Tsaunin da ya fi tsayi a takardata ya hau kan na ƙwayar daram, ko kaɗan babu bambanci.

"Wato ganyen yana da sinadari irin nata?" na ce.

"Babu bishiyar da ke haifar wannan. A masana'anta ake yin sa. Ƙwayar ce kanta a cikin garinki."

Sai kuma na hau shi da faɗa, don mutum in ya rasa mafaka wanda ke kusa yake cakuma. Na ce injinsa ne ke da datti, na ce ya haɗa kwalabe, na ce dama an san shi da baƙin rai. Ya bari na gama tas. Ya ce injin sau uku ya wanke shi, kuma ya gwada ledoji huɗu na lokuta daban-daban, duk a liƙe suke da sa hannuna. Babu wadda ba ta da shi.

"Wa ya tsinko ganyen?" ya tambaye ni a hankali. "Wa ya daka?"

Ƙa'idar aikinmu ko ɗan aji ɗaya ya san ta: mai bincike shi ke tsinko ganyensa, ya shanya a inuwa, ya niƙa da hannunsa. Ni kuwa sau ɗaya na tsinko, ranar da na kai wa masanin tsirrai ya tabbatar da sunansa ya matse reshe a takarda. Daga nan Mama ce ke aiko mini da gari, tankaɗaɗɗe, mai laushi, ya fi wanda injin sashenmu ke niƙawa kyau nesa ba kusa ba. Har alfahari nake yi da hakan. Wa zai tsaya binciken uwarsa?

Ban san yadda na sauko daga benen ba. Na dai tsinci kaina a cikin mota da farar rigar aiki a jikina, rana tsaka, ina ta maimaita wa kaina cewa wani ne ya yi mana mugunta.

Na iske Mama a ɗakin baya inda take aikinta, ta miƙe ƙafa a tabarma tana tankaɗe. Turmi a gefe, ganye shanye a kan buhu, ɗakin yana wannan warin ɗanyen ciyawa da na tashi a cikinsa.

"Auta, lafiya da tsakar rana? Ko ɓerayen sun ba ki hutu?"

Na durƙusa na gaishe ta sama-sama. "Mama, ban da ganye, akwai abin da ke shiga garin nan?"

Na shirya wa rantsuwa, na shirya wa kuka, na shirya ta ce wa ya faɗa mini. Ko ɗaya ba ta yi ba. Ta miƙa hannu ƙarƙashin kantar kaya ta jawo wani tsohon gwangwanin madara, ta buɗe. Cike yake da katin ƙwayoyi, an ɗaure su goma-goma da roba.

"Au, wannan? Ai ɗan zaburarwa ne. Ishirin nake jefawa a turmi guda."

Na saki baki ina kallonta. "Tun yaushe?"

"Shekara goma sha biyu za a yi. Mutanen yanzu ba su da haƙuri, Auta. Mutum ya sha da safe yana so kafin rana ta faɗi ya yi tsalle. Ganyen shi ke aikin, ƙwayar tashinsa kawai take yi daga barci." Ta ci gaba da kaɗa rariyarta, har da ɗan murmushi. "Naki ma talatin nake sa miki. Na ce 'yata ba za ta ji kunya a gaban malamanta ba."

Na zauna daɓas a kan buhun ganyen. Shekara uku. Ɓeraye ɗari biyu da arba'in. Takardu biyu da aka buga da sunana da na Farfesa. Ashe duk tsawon lokacin nan ƙwayar kemis nake gwadawa da ƙwayar kemis, ina tafa wa kaina don sun yi kunnen doki. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, don ƙaunata ta yi.

A rayuwata ban taɓa ɗaga wa Mama murya ba sai ranar. Na ce ta kashe ni. Na ce ƙwayar nan in tsoho ya daɗe yana sha tana huda ciki, tana lalata ƙoda, ga shi tana ba su cokali-cokali ba su ma san suna sha ba. Ta ajiye rariyar, fuskarta ta haɗe.

"Ni za ki koya wa magani? Uwata ta ba ni ganyen nan, ita ma uwarta ta ba ta. Shekara goma sha takwas ina bayar da shi zalla kafin in san hanyar kemis. Tashi ki tsinko da hannunki, tunda nawa ya zama abin ƙyama. Ki gwada shi shi kaɗai, ki ga ikon Allah."

Washegari da safe na shiga ofishin Farfesa na faɗa masa komai a tsaye. Da gaskiya zan faɗa, a hanya sau biyu zuciyata ta raya mini in yi shiru, Tabarau ba mai surutu ba ne. Farfesa ya ɗora hannu biyu a ka. Ya daɗe yana kallon bangon da ya liƙa hoton taron da ya je.

"Na tsaya a gaban mutum ɗari uku," ya ce. "Malama, ke kika daka ko ba ke ba, sau ɗaya ban tambaye ki ba. Ni ma da nawa laifin."

Malama ya ce, bai ce 'yata ba, na kuma ji ta har ƙashina. Ya ce takardun biyu dole a janye su, ranar kare kundi kuma ya ɗage ta. Hanya ɗaya ta rage mini. In gwada ganyen zalla. In ya rage kumburin ko da kashi ishirin ne, akwai abin da za a tsamo a sake gina kundin a kai. In bai rage ba, shekaruna uku sun bi ruwa, sai in sake sabon lale.

Na tsinko da kaina, na shanya a ofis na kulle da makulli, na niƙa, na jiƙa. Mako biyu ya ci. Ni da Mama kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a daƙile. Amma ranar gwajin da na fito da sassafe na same ta a bakin ƙofata ta ci ado, da jakarta a hammata. Ta ce za ta je ta ga ƙarshen rainin hankali. Ba a shiga ɗakin dabbobi da baƙo, don haka na zaunar da ita a benci a baranda, ta harɗe hannu tana amsa gaisuwar ɗalibai kamar ita ce shugabar sashen.

Keji uku, ɓeraye shida-shida. Ɗaya an ɗura musu ruwa zalla, ɗaya ƙwaya, ɗaya ganye. Tabarau ne ya yi ɗurin ba a gabana ba, ya manna wa kejin alamar ja da shuɗi da fari, ya rubuta wanne ne wanne ya rufe a ambulan. Ni ce na roƙe shi, don na daina yarda da idona. Ƙarfe takwas na yi allurar. Duk awa in ɗauko ɓera ta ƙeya, in sa ƙafar a bakin ma'auni, in faɗi lamba ya rubuta.

A awa ta uku na fara shan jinin jikina. 'Yan shuɗin keji suna ta zirga-zirgarsu, ƙafa ta ɗan tasa kawai. Na ja da na fari kuwa duk sun lafe a kusurwa, ƙafafu sun yi jawur sun yi suntum. Keji ɗaya ne kawai ya samu sauƙi. Na riƙa ce wa kaina wa ya sani, ƙila shuɗin ne ganyen, ƙila ƙwayar ce ta lalace. Ni da na yi shekaru ina koya wa ɗalibai kada su yi wa lamba fata, ga ni ina roƙon ɓera.

Ƙarfe ɗaya muka yi awon ƙarshe. Tabarau ya haɗa lissafin, ya miƙo mini ambulan ya juya baya. Shuɗi ƙwaya. Fari ruwa. Ja ganye. Tsakanin ja da fari bambancin bai kai kaurin gashi ba.

Na cire safar hannu na fita. Mama ta miƙe tun daga nesa, ta gyara mayafi, fuskarta cike da shirin yi mini dariya. Da ta dube ni da kyau sai shirin ya zube.

"Nawa ya rage?"

"Bai rage ba, Mama."

"Ko kaɗan?"

"Daidai yake da waɗanda aka ba ruwa."

Ta koma ta zauna a hankali, tana laluben bencin da hannu kamar makauniya. Na ɗauka za ta ce ɓerayen ne ba su da asali, ko ni ce ban iya jiƙo ba. Da ta faɗa da na ji daɗi, don ina da amsoshi a shirye, ina kuma da fushin da ban gama saukewa ba. Na fito ne da nawa rashin a ka, digirina, sunana, kunyar da zan sha a sashen nan. Sai na ga ta zuba wa tafin hannunta ido, hannun da ya yi kanta saboda taɓarya.

"Uwata ta rasu ƙafafunta a kumbure," ta ce, ba ni take kallo ba. "Wata huɗu ina dama mata shi safe da yamma. Yayanta ya ce a kai ta asibiti, na ce a'a, muna da magani a gida."

Ban taɓa jin wannan ba. Na buɗe baki in ce ɓera ba mutum ba ne, in ce gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, duk maganganun da muke rubutawa a shafin ƙarshe. Ta ɗago ta dube ni, na ga ba za ta karɓa ba, ni ma ban yarda da su ba a lokacin.

"Auta," ta ce, "to ni me na iya ke nan?"

Na zauna kusa da ita a bencin. Ɗalibai suna ta wucewa suna gaishe mu, babu wadda ta amsa a cikinmu.