Galmar Ɗantsoho

Malam Maharazu, kai ne ka ƙi yi wa gawar Ɗantsoho salla, kuma ni Ƙande da muka raba danga da shi ba zan yi shiru ba.

Laifinsa me? Tsohuwar galma ya rataye a tsamiyar ƙofar gidansa, yana bugawa ranar kasuwar Magariya. Ka ce ibadar Nasara ce. Da ka tambaye shi, ai da ya gaya maka.

Yana saurayi wani Bature mai sayen fata a Kano ya tafi da shi Ingila aikin kuku. Duk sanda na kai masa kunu sai ya soma:

"Ƙande, garin da na zauna can Ingila bai fi Magariya ba. Amma majami'arsu ta dutse, sai hula ta faɗi kafin a ga ƙarshenta. Da gashin tumaki kakanninsu suka samu abin gina ta. Wanda ya aza tushe, ko jikansa bai ga rufi ba."

"Gashin tumaki? Tsoho, rage ƙarya."

"Wallahi! Kasuwa kuma a gindinta take. Ko ƙwai ba a sayarwa sai an buga ƙararrawa, don na ƙauye su iso, kada 'yan gari su wawashe komai."

Tsarabarsa ke nan: galma a madadin ƙararrawa. Matan ruga masu nono da man shanu suka daina sayar wa dillalai a hanya, sai su taru gindin tsamiya har galma ta yi ƙara. Ɗanka dillali ne, Malam. Kowa ya sani.

Ranar da zai cika, ranar kasuwa ce, ya kasa tashi.

"Ƙande, an buga?"

Na fita na buga da muciya. Na dawo na tarar yana dariya.

"Wannan bugu naki, kamar kaza a kwano."

Daga nan ya yi kalmar shahada. Da kunnena na ji. Dikko mai shanu da 'yan uwansa ne suka sallace shi.

Ba wurin kumandan, jami'in gwamnati, zan kai ka ba, shi bai san salla ba. Gaban sarki za ka tsaya ka faɗi abin da ya fitar da Ɗantsoho daga Musulunci. Ka biyo ta ƙofar Ɗantsoho in za ka zo. Matan suna nan zaune da ƙorensu a rufe, suna duban galmar.